Tambayi Likita: Horon ƙwarewa kan cututtukan mantuwa da canjin hali

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni likita ce, na kusa zana jarabawar ƙarshe ta WACP, wato kwalejin ƙwararrun likitocin Afirka ta Yamma, a fannin taɓin hankali. Ina son in ƙware kan gigin tsufa da cututtukan ƙwaƙwalwa masu canza halin mutum. A ina ake wannan horo, kuma me ake koyarwa? Daga wata likita a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Dakta. Allah ya ba da sa'a. A Amurka hukumar UCNS, mai kula da rassan ƙwarewa a fannin jijiyoyi, ita ce ke tantance wannan horo, wanda ke ɗaukar shekara 1 zuwa 2. Ana shigarsa ne bayan kammala horon shekara 4 a fannin jijiyoyi ko na taɓin hankali. Inda gizo ke saƙa shi ne, galibi horon Amurka ko Kanada suke nema, don haka takardar WACP ita kaɗai ba kasafai take buɗe ƙofa ba. Sai kin ci jarabawar USMLE ta lasisin aikin likita a Amurka, kin sami shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje. Bizar J-1 ta masu zuwa horo kuma tana wajabta komawa gida na shekara 2.

Akwai wata hanyar: shirin shekara 1 na cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta GBHI a San Faransisko ko Dublin. Yana karɓar 'yan Afirka, sai dai ba ya ba da lasisin duba marasa lafiya a can.

Zuciyar horon ita ce bambance cututtukan da suka yi kama. Mai Alzheimer kan fara da manta abin da ya faru ɗazu. Wanda gaban ƙwaƙwalwarsa ya lalace kuwa kunyarsa ce ke fara gushewa, alhali bai fara mantuwa ba, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa mai taɓin hankali. Mai cutar Lewy yana gane-gane, kuma maganin taɓin hankali na haloperidol na iya sandarar da shi, har ya kai ga halaka. Za ki koyi karanta hoton MRI, da neman abubuwan da ke da magani kafin ki yanke hukunci: ƙarancin bitamin B12, raunin tayirod, ƙanjamau, tunjere, taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, da ciwon damuwa.

Ki kula da gwajin MoCA na auna kaifin ƙwaƙwalwa. Maki 30 ne, ƙasa da 26 ana zargin matsala, amma dattijon da bai yi boko ba zai iya faɗuwa alhali lafiyarsa lau, domin ana sa shi zanen agogo da haɗa lambobi da haruffa. Ga irinsa gwajin IDEA, wanda aka jarraba a Tanzaniya da Najeriya, ya fi dacewa, tare da jin ta bakin wanda ke zaune da shi a gida.