Filin Tambaya da Amsa: Muna son tafiyar ƙasa da samarinmu, wane daji za mu nufa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ne shugaban wata ƙungiyar matasa a wani ƙauye ta wajen Sumaila, mu 18 ne, ƙaraminmu shekararsa 14. Mun yanke shawara in an gama girbi mu yi tafiyar ƙasa ta kwana 3 kowa da jakarsa a baya mu kwana a daji, yawanci dai Falgore suke so tunda kusa da mu yake. Dan Allah a ba mu shawara, ina za mu je kuma me za mu tanada?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena, wallahi na ji daɗin wannan tambayar, samari su taka ƙasa su san yankinsu ya fi zaman majalisa ana latsa waya. Amma maganar Falgore a ajiye ta tukuna. Dajin nan ya kai kusan murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa Sumaila da Tudun Wada da Doguwa, gandu ne na gwamnati ba a shiga sai da izini, kuma ka fi ni sanin an sha fama da ɓarayin shanu a cikinsa har sojoji suna da wurin atisaye a can. Ba wurin da za ka kai ɗan shekara 14 ya koyi kwanan daji ba ne, 'ya'yan mutane ne a hannunka, amana ce.

Ni da za ku ji tawa ku hau mota zuwa Birnin Kudu ku fara daga nan, ga Dutsen Habude ga Dutsen Mesa inda mutanen da can suka zana shanu a jikin dutse, kuna tafe kuna ratsa ƙauyuka ba za ku yi nisa da rijiya ko burtsatse ba. In kuma tsuntsaye kuke son gani akwai Baturiya can ƙasar Haɗejiya, da hunturu suke zuwa tun daga Turai, sai dai a hana yara wanka a kwantaccen ruwa saboda tsargiya.

Lokacin da kuka zaɓa ya yi daidai, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kar ku bari a shiga Maris da Afrilu, zafi na wuce digiri 40.

Toh yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Ba da ƙarfin babba ake auna tafiya ba, da ƙafar ƙaraminku ake aunawa, kilomita 10 zuwa 12 a yini ta ishe ku, ku tashi bayan asuba ku yada zango a inuwa kafin azahar. Jaka kar ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita, yaro mai kilo 45 kayansa kilo 9 ke nan, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kowa na buƙatar lita 3 zuwa 4 a rana, ka ga ke nan ruwa kaɗai ya cinye kusan rabin kayan yaron, shi ya sa ba a zana hanya sai an san inda za a cika jarka. Ruwan rafi a tafasa shi. Na taɓa raka wasu yara irin wannan tafiyar, wani ya sako sabon kambas ranar tashi don kwalliya, kafin la'asar dunduniyarsa ta yi bororo ta fashe, muna tsugune a gindin tsamiya muna naɗa masa filasta yana cije leɓe, ƙarshe sai a kan amalanken shanu aka kai shi bakin titi. Tun ranar ba na yarda da takalmin da ƙafa ba ta saba da shi ba. Ku yi sati 3 kuna gwaji, duk Asabar a ɗau jakar da cikakken kayanta a yi kilomita 6 ko 8, nan za ka gane waye ya shirya.

Guzuri mara nauyi: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyar gyaɗa, kilishi in da hali. Bargo da rigar sanyi dole, gidan sauro, tocila, ashana, da ruwan gishiri da sukari na leda, in ya ƙare ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. Da safe kowa ya kakkaɓe takalminsa saboda kunama. In Allah ya kiyaye maciji ya sari wani, ba tsagawa ba tsotsa ba ɗaure ƙafa tamau, a hana shi tafiya a ɗauke shi sai asibiti, don haka ka san asibiti mafi kusa da kowane zango kuma ka riƙe lambar mai mashin.

Kafin ku tashi iyayen kowa su amince baki da baki, dagacinku ya sani, 'yan sanda su sani, manya biyu aƙalla su bi ku ɗaya gaba ɗaya baya. Duk garin da za ku kwana ku fara sauka ƙofar mai unguwa ku yi gaisuwa, samari 18 baƙi da jakunkuna a bayan gari da daddare kowa zai tsorata a wannan zamanin. Shi zai nuna muku inda za ku shimfiɗa tabarma, wataƙila ma ya haɗa ku da wani maharbi ya raka ku zango na gaba.