Me ke ɗaure mana harshe alhali doka ta ba mu bakin magana?

Tambaya: Malam, a wurin aikinmu kowa ya san ana danne haƙƙin ƙananan ma'aikata. A bayan fage sai gunaguni, amma da an zauna taro sai kowa ya yi tsit, har da ni. Tunda an ce akwai 'yancin faɗin albarkacin baki, me ke hana mu magana? Ragwanta ce?

Amsa: Malama, ba zan kira shi ragwanta ba, don da wuya a tara ragwaye zalla a ma'aikata guda.

'Yancin da kike magana a kai yana sashe na 19 na sanarwar haƙƙin ɗan'adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1948, kuma yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta ƙara masa ƙarfi tare da gindaya iyakoki, kamar kare mutuncin wasu da tsaron ƙasa. Sai dai waɗannan takardu hukumomi suka fi ɗaurewa. Ba su hana abokiyar aiki ta daina amsa gaisuwarki, ko a riƙa tsallake sunanki lokacin ƙarin girma. Abin da yawancin mutane ke tsoro ke nan, kuma tsoro ne mai dalili.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. A 1951 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa nuna wa ɗalibai zanen layi ɗaya, ya ce su zaɓi mai tsawonsa cikin wasu uku. Amsar a fili take. Amma sauran mutanen ɗakin an haɗa baki da su, sai su faɗi amsar da ba daidai ba ɗaya bayan ɗaya. Kusan mutum uku cikin huɗu sun bi yawa aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idonsu. Ba wanda ya yi musu barazana, ba albashin da za a yanke. Da Asch ya sa mutum ɗaya tak cikin 'yan haɗin bakin ya faɗi gaskiya, bin yawan ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. A wurina wannan sakamako na biyu ya fi na farko muhimmanci, kodayake shi aka fi mantawa.

Wata masaniya 'yar Jamus, Elisabeth Noelle-Neumann, ta bayyana a 1974 yadda shirun ke ciyar da kansa. Mutum yana auna ra'ayin jama'a da abin da ya ji ana faɗa. In ya zaci shi kaɗai ne, sai ya ce a bar kaza cikin gashinta. Shirunsa kuma ya sa na kusa da shi zaton shi ma shi kaɗai ne. Taronku ke nan.

Shi ya sa in abin ya karye yakan karye farat ɗaya. A birnin Leipzig na Jamus ta Gabas, addu'o'in ranar Litinin a wani coci sun daɗe ana yin su da mutane ƙalilan. Ranar 9 ga Oktoba 1989 bayan addu'ar, kimanin mutum 70,000 suka fito titi zanga-zangar adawa da gwamnati, jami'an tsaro ba su yi harbi ba, bayan wata guda katangar Berlin ta faɗi. Mutanen ba ranar suka canja ra'ayi ba, ranar suka ga juna.

Kar dai ki ɗauka magana kyauta ce. Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba farar fata wuri a birnin Montgomery na Amurka a Disamba 1955, ta rasa aikinta, ta kuma bar garin a 1957. Ba ita kaɗai take ba ma: sakatariya ce a reshen wata ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, kuma jama'a sun ƙaurace wa motocin har kwana 381.

Shawarata, kafin taro na gaba ki nemi mutum ɗaya ko biyu cikin masu gunagunin, ku daidaita wa zai fara da wa zai mara masa baya nan take. Ki rubuta abin da ya faru da ranarsa, ki adana takardu. In kin tashi magana ki faɗi abin da kika gani da idonki, ki bar zancen halin mutum ko niyyarsa, don a nan ƙarar ɓata suna ke samun ƙofa. In kuna da ƙungiyar ƙwadago ku bi ta hannunta, ki kuma tambayi lauya irin kariyar da dokar ƙasarku ta tanada wa mai fallasa, domin ta bambanta sosai daga ƙasa zuwa ƙasa.