Amsar Kawu ga mai shirin zuwa tantancewar soja a Birnin Kebbi

(Muryar da Kawu ya turo zauren 'yan gida daren jiya. An rubuta ta saboda waɗanda wayarsu ta ƙi buɗewa.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'ar gida barkanmu da dare. Yaya, ina wuni, ya ƙarfin jiki? Na ji saƙon ɗanki tun bayan la'asar, ban samu zama ba sai yanzu da na dawo daga fadama.

Ɗana, ka ce sunanka ya fito cikin waɗanda aka kira tantancewar soja a Birnin Kebbi, kana tambayar abin da za ka shirya da abin da za su tambaye ka. Sannan ka ce akwai wani mutum da ya ce in an kai masa dubu ɗari uku zai sa a ɗauke ka ko ta halin ƙaƙa. To, na zaɓi in amsa a nan cikin zaure don ƙannenka da ke tasowa su ma su ji.

Bari in fara da mutumin nan, don maganarsa ce ta hana ni sukuni. Ko sisin kwabo kada a ba shi. Yaya, da ke nake, don na san zuciyar uwa. Ɗaukar soja kyauta ce, cike fom ɗin ma kyauta ne, rundunar da kanta take sanarwa duk lokacin da aka buɗe. Kuɗin da ya halatta ka kashe shi ne na mai shagon intanet da ya buga maka takarda, da na hoto, da na mota. Ni da idona na ga abin da wanga al'amari ya yi wa wani maƙwabcinmu. Shanun huɗarsa biyu ya kai kasuwa ana gab da faɗuwar damina, ya damƙa wa wani kuɗin. Aka kawo masa takarda mai hatimi, fes da ita, har da tambarin soja. Yaron ya yi sallama da kowa, aka yi masa addu'a a masallaci, ya ɗauki jakarsa har Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji. A bakin ƙofa aka duba, aka sake dubawa, babu sunansa. Kwana biyu ya yi a tasha yana jin kunyar dawowa gida. Lambar mutumin kuwa tun ranar ba ta sake shiga ba. Daminar nan sai da uban ya yi hayar shanun wasu kafin ya huɗe gonarsa. Wallahi duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci.

To, mu zo ga takardu, don nan ne aka fi zubar da yaranmu, tun kafin a ga ko sun iya gudu. Ka shimfiɗa tabarma gobe da safe, ka jera su gabanka ɗaya bayan ɗaya: takardar firamare, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukumarka wadda muke cewa indijin, silif na NIN, da na BVN, da takardun da ka buga daga shafin intanet na rundunar, har da ta amincewar iyaye da ta mai tsaya maka. Ka ɗauki biro ka bi su harafi harafi. Ka gane? Harafi harafi na ce. Mu nan muna da sakaci da rubutun suna. A makaranta malami ya rubuta Muhammadu, a wurin NIN aka rubuta Mohammed, a banki aka sa Muhammad, wani wurin sunan uba ne a gaba, wani wurin sunan gari ne aka liƙa a ƙarshe. Kai ka san duk kai ne, uwarka ta san kai ne, amma hafsan da ke zaune kan tebur da ɗaruruwan mutane a layi ba ya da lokacin jin tarihin gidanku. Zai ɗaga kai ya ce koma gefe, shi ke nan.

An taɓa sa ni tsaron layi a irin wannan tantancewar lokacin ina aikin soja. Akwai wani yaro dogo, ƙirar ƙarfi, kowa ya gan shi ya san soja ne aka haifa. Shekarar haihuwarsa a takarda ɗaya ta saɓa da ta ɗayar, shekara guda tak. Yana riƙe da fayil ɗinsa hannunsa na rawa, yana cewa yallaɓai kuskuren mai bugawa ne. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma ba a wurin ake gyara ba. Saboda haka in ka ga saɓani, ka tashi tun yanzu ka je inda aka yi takardar, in ta kama a yi rantsuwa a kotu a yi. Kuma kada wani ya ba ka shawarar rage shekaru. Ƙa'idar ita ce shekara 18 zuwa 22 ga wanda bai zo da sana'a ba, masu sana'a irin su kanikanci ko aikin jinya ana kai musu har 26. Kai kana ciki, ba ka da abin ɓoyewa. Sakamakonka ma ya isa, tunda darussa huɗu ake nema har da Turanci, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Ka tafi da na asali, ka yi kwafi-kwafi da yawa, ka sa su cikin leda saboda zufa da ruwa. Hotuna ma ka yi su da ɗan dama.

Sai jiki. Tsawo ana neman mita 1.68 ga namiji, 1.65 ga mace, kuma ba takalmi ake aunawa. Wannan ba ni da shakka a kanka, tsawon kakanka ka ɗauko. Abin da nake so ka yi cikin satin nan shi ne ka je asibiti da ƙafarka a duba ka kafin su su duba ka. A auna jininka, a duba ciwon hanta, a duba ido, a duba ko akwai ƙaba ko gwaiwa. Ciwon hanta yana kwance a jikin mutane da yawa ba su sani ba, mutum na noma yana dako lafiya lau, sai ranar gwaji ya ji labari. Gara ka ji a gida kusa da uwarka, a fara magani, da ka ji a tsakiyar fili. Suna duba tafin ƙafa kuma. Ka jiƙa ƙafarka ka taka siminti, ka dubi sawun: in akwai ɗan lanƙwasa ta ciki, to madalla, in kuwa ya fito shimfiɗe gaba ɗaya, ka gaya wa likita ya gani. Suna duba gwame, suna duba zanen da samari ke yi a jiki yanzu. Za a ce ka tuɓe, kada abin ya ba ka mamaki ko ka ji an wulaƙanta ka, likita ne, kowa haka ake yi masa.

Magana ta gaba ba zarginka nake ba, ɗana, na san tarbiyyarka. Amma akwai masu ce wa yara su sha ƙwaya ranar gudu wai don kada su gaji. Ana gwajin fitsari, tiramadol da wiwi da sauransu duk suna fitowa. Ban da haka ma, mutum ya sha abin nan ya yi gudu cikin ranar Kebbi, zuciya na iya bugawa. Ko abin shan nan na gwangwani mai sa kuzari ka bar shi, yana iya ɗaga maka jini a ce kana da hawan jini alhali ba ka da shi. Abin da zai fisshe ka shi ne ka fara gudu gobe bayan sallar asuba. Ka fara da kaɗan, kana ƙarawa, har kilomita uku zuwa huɗu su zame maka ruwan sha. Kuma da kambas ɗin da za ka sa ranar za ka riƙa yi, kada ka sayi sabo dal ka sa shi ranar farko, zai sale maka dunduniya. Kayan sawa kuwa, ka karanta sanarwar da kyau, abin da ta ce shi za ka kawo, kada ka bi ta bakin 'yan zaman hira.

Ranar kanta ba ta da wani sirri. Ka kwana a Birni, kada ka ce za ka taso daga Jega da safe. Ka yi aski, ka yanke farce, ka karya da abu mara nauyi, ka riƙe ruwa. Za a zaunar da ku a ƙasa, za a yi muku tsawa, wataƙila ku wuni ba a kira ku ba, kuma abin yakan ɗauki kwanaki. Duk cikin gwajin ne, ana kallon wanda zai yi gunaguni. In an kira ka, ka amsa da ƙarfi, ka tsaya ƙyam, ka dubi mai tambaya. Ka san sunan hakiminku da unguwarku da mazaɓarku, ka san Kebbi ƙananan hukumomi 21 gare ta kuma a 1991 aka ƙirƙiro ta, don da irin waɗannan ake gane ɗan jiha na gaske da wanda ya sayi indijin. In Turancin ya kakare maka, ka faɗi gajeriyar amsa wadda ka tabbatar da ita. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, yallaɓai.

In aka tambaye ka dalilin da ya sa kake son soja, wannan kam ba zan haddace maka amsa ba. Ina so kai ka zauna ka tambayi kanka tukuna. Depo na Zariya tun 1924 yake horar da kurata, wajen wata shida ake yi can, kuma horo ne mai sa ƙato kuka. In ka fito, ba kai ke zaɓen inda za a kai ka ba. Ana iya tura ka Borno, ana iya tura ka dazukan Zamfara, nan kusa da mu inda kowa ya san abin da ke faruwa. Akwai abokaina da muka ci tuwo kwano ɗaya, yau 'ya'yansu marayu ne. Aiki ne mai daraja, jiharmu ma ta san shi, ƙasar Zuru kaɗai ta ba Najeriya janar-janar, har da Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci rundunar sojan ƙasa. Ni ban taɓa nadamar sa kaki ba. Amma in don rashin aikin yi kawai za ka shiga, ka gaya mini gaskiya mu nemi wata hanya tare. In kuwa zuciyarka na ciki, ka yi istihara, ka durƙusa gaban Yaya ka nemi yardarta baki da baki, kada ka tsaya ga sa hannun da ta yi a takarda.

Yaya, ki yi haƙuri na tsawaita. Ɗana, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo Jega bayan azahar. Ka haɗa fayil ɗin gaba ɗaya ka ajiye, mu bi takardun tare, ka kuma zo da kambas ɗin in gani. Lambar mutumin nan kuma ka turo mini ita yanzu, kafin ka kwanta. A gaida yara. Wassalamu alaikum.