Tambaya da Amsa: "Na ga yana jan numfashi, shi ya sa ban danna masa ƙirji ba"

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma na taɓa yin kwas ɗin taimakon gaggawa, har da danna ƙirji a jikin mutum-mutumi. Makonni uku da suka wuce muna ƙwallon yamma, abokin aikina ɗan shekara 44 ya yanke jiki ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi. Na kira sunansa bai amsa ba, amma yana jan numfashi jefi-jefi da ƙara kamar munshari, sai na ce tunda yana numfashi ba a danna masa ƙirji. Muka yayyafa masa ruwa, muka yi masa fifita, muka sa shi a Keke. Mun kai minti 25 kafin mu isa asibiti, likita na dubawa ya ce rai ya yi halinsa. Yanzu wani mai kemis a unguwarmu ya ce da wurinsa aka kai shi da ya yi masa allurar adirenalin (mai zaburar da zuciya) ya tashi, wani kuma ya ce Turawa sun yi bincike sun gano allurar lalata ƙwaƙwalwa take yi. Wanne ne gaskiya? Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashi.

Bari in fara da allurar tunda ita ka tambaya, ko da yake ba nan gizo ke saƙar ba. Binciken da mutumin nan ya ji ƙishin-ƙishin ɗinsa gaskiya ne an yi shi. Sunansa PARAMEDIC2, Farfesa Gavin Perkins na Jami'ar Warwick ne ya jagorance shi, kuma sakamakon ya fito a 2018. Ma'aikatan motocin ɗaukar marasa lafiya a Ingila da Wales sun yi wa mutum 8,014 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti allura: rabi adirenalin, rabi ruwan gishiri, ba tare da mai yin allurar ya san wadda ke hannunsa ba. Bayan kwana 30, kashi 3.2 cikin ɗari na masu adirenalin suna raye, a ɗaya ɓangaren kashi 2.4. Allurar tana tayar da bugun zuciya ƙwarai, amma idan aka ƙirga waɗanda suka bar asibiti da ƙwaƙwalwa lafiya, bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma masu mummunan lahani a ƙwaƙwalwa sun fi yawa cikin waɗanda suka rayu a ɓangaren adirenalin. Fassarar da ta fi kwanta mini ita ce allurar takan dawo da zuciyar mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta riga ta jima ba jini. Har gobe muna amfani da ita, amma a jijiya, ana cikin danna ƙirji, a hannun wanda ya san aikinsa. Masu binciken da kansu sun lissafa cewa sai an yi wa mutum 112 allurar kafin a samu ƙarin rai ɗaya, alhali idan na kusa ya danna ƙirji, a kowane mutum 15 ana samun ɗaya. Shi kuwa mai kemis ɗinku, ka tambaye shi: jinin da ba ya zagayawa, wa zai ɗauki maganin daga cinya ya kai shi zuciya? Cika baki ne kawai a kan gawar da ba a gabansa ta faɗi ba.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma kusan kullum sai na ji shi a ɗakin gaggawa: "Likita, ai yana numfashi har muka shigo get."

Malam, abin da ka gani ba numfashi ba ne. Idan zuciya ta tsaya farat ɗaya, gindin ƙwaƙwalwa bai mutuwa nan take. Yakan ci gaba da aika saƙo na ɗan lokaci, sai ka ga mutum ya buɗe baki ya ja iska da ƙarfi kamar kifin da aka fitar daga ruwa, ya yi shiru na daƙiƙa goma ko ashirin, ya sake ja, wani lokaci da munshari ko kakari. Iyayenmu sun san shi, gargara suke ce masa. Matsalar ita ce mutanenmu kashi biyu suke rabuwa a kansa, kuma duka biyun hanya ɗaya suke kai mara lafiya. Masu cewa numfashi ne sai su ɗebo ruwa, a kawo albasa a kanga masa a hanci, a nemo madara a ɗura, idan ya ɗan yi fizge-fizge (wanda shi ma yakan biyo bayan tsayawar zuciya) a ce farfaɗiya ce ko iska, a cusa cokali a baki. Masu cewa gargara ce sai su miƙar da shi, su fara salati, su nemo mayafi. Ba wanda ya ɗora hannu a ƙirji.

Alhali wannan gargarar ita ce alamar da ta fi kowace ba mu fata. A jihar Arizona ta Amurka, Dakta Bentley Bobrow da abokan aikinsa sun bi diddigin wannan, suka fitar da sakamakon a 2008. Cikin waɗanda na kusa da su suka danna wa ƙirji, masu gargara kashi 39 cikin ɗari sun fita asibiti da rai, marasa ita kashi 9 kacal. Ma'anarta zuciyar yanzu-yanzu ta tsaya, ƙwaƙwalwa da sauran ranta, ƙofa a buɗe take. Wato daidai lokacin da ya fi dacewa a danna, shi ne lokacin da muke tsayawa muna fifita.

Ban ga laifinka kai kaɗai ba. Laifin har da mu masu koyarwa. Mutum-mutumin da aka koya maka a kansa ba ya gargara, kwance yake shiru, sai ɗalibi ya tafi da tunanin haka mai tsayawar zuciya yake. Ƙa'idar kuwa ba "ba ya numfashi" ta ce ba, cewa ta yi ba ya amsawa kuma ba ya numfashi irin na lafiya. Ƙirjin mai numfashin gaske yana hawa yana sauka a jere, ba yankewa. Duk abin da ba wannan ba, a jikin mutumin da ka girgiza ka kira bai motsa ba, ka ɗauka zuciya ce. Kada ka ɓata lokaci kana laluben bugun jijiya a wuya. Mu kanmu da muke wannan aiki mukan yi kuskure a kai idan hankali ya tashi, shi ya sa aka cire shi daga koyarwar waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba. Daƙiƙa goma ta ishe ka yanke hukunci.

Na san tambayar da za ta biyo: idan fa suma ce kawai na danna shi? To zai motsa, ya ture hannunka, wataƙila ya zage ka, sai ka tsaya ka ba shi haƙuri. Idan haƙarƙari ya karye, yana ɗoruwa. Ƙwaƙwalwar da ta yi minti huɗu zuwa shida ba jini ta fara lalacewa ke nan, kuma ba mai ɗorin da zai gyara ta. Kowane minti ɗaya da ya wuce ba a danna ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Yi lissafin minti 25 da kanka.

Sai batun Keke. Mun ɗauka rai yana asibiti ne, aikinmu kawai mu kai mutum can da gudu. A hatsarin mota da zubar jini, akwai gaskiya a ciki. A tsayawar zuciya kuwa, zaunar da shi tsakanin mutum biyu kansa na lilo shi ne yanke masa ɗan jinin da ya rage. A ƙasa ake kwantar da shi, wuri mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana canjin hannu duk bayan minti biyu. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce ya kira 112, lambar kiran gaggawa, wani ya ruga asibiti mafi kusa ya taho da ma'aikaci. Idan dole sai an tafi, a nemi motar da za a kwantar da shi a ci gaba da dannawa a hanya. Ba sai ka hura masa baki ba idan babba ne ya faɗi a gabanka; hannu kaɗai ya wadatar a mintunan farko. Yaro ƙarami da wanda ya nutse a ruwa ne ke buƙatar hurawar. Idan mace ce ma haka za ka danna, larura ce, kuma ba malamin da zai ce ka tsaya neman muharrami.

Ba zan yi maka daɗin baki in ce da ka danna da yana raye ba. Dannawa ba kasafai take tayar da zuciya ita kaɗai ba, riƙe ƙwaƙwalwa take yi kafin na'urar girgiza zuciya da lantarki ta iso. Ɗan ƙwallon ƙasar Denmark Christian Eriksen ya faɗi a fili a Kopenhegen, babban birnin ƙasar, ranar 12 ga Yuni, 2021, aka danna masa ƙirji nan take, aka girgiza shi da na'urar, ga shi ya koma buga ƙwallo. Mu kuwa da muka rasa ɗan ƙwallonmu Samuel Okwaraji a filin wasa na Legas tun 1989, har yau filaye nawa ne a garuruwanmu ke da wannan na'ura a rataye? Dakta Frank Pantridge ya ƙera ta tafi-da-gidanka a Belfast ta Ireland ta Arewa tun 1965, da batirin mota, nauyinta kilo 70. Yau ba ta kai jakar makaranta ba, tana ma yi wa mutum magana ta gaya masa abin yi. Amma a wurare da yawa idan an saya, kulle ta ake yi a sito, makulli yana hannun wanda ya tafi hutu. Na sha rubuta takardar neman a rataye ta a bango, ana ce mini sai kwamiti ya zauna.

Duk da haka kada a ce sai an jira na'ura. A ƙasar Denmark sun sa koyon danna ƙirji a makarantu da kuma sharaɗin samun lasin tuƙi. Daga 2001 zuwa 2010, masu tsayawar zuciya da na kusa ke danna wa ƙirji sun tashi daga kashi 21 zuwa 45 cikin ɗari, masu rayuwa bayan kwana 30 kuma daga kashi 3.5 zuwa 10.8. Ka lura, ko a can, a 2010, ɗaya cikin goma ne ya tsira. Saboda haka nauyin da ka ɗora wa kanka ya yi yawa; idan rashin barcin ya zarce wata guda ka je ka ga likita, wannan ma ciwo ne da ake magani. 'Yan'uwan marigayin na jini kuma, musamman 'ya'yansa da ƙannensa, a kai su a duba musu zuciya, domin wasu cututtukan da ke kayar da mai shekara 44 a fili gado ne.

Kai kuma kana da fili, kana da ɗalibai kowane mako. Ka roƙi shugaban makaranta darasi ɗaya a zango. Ko ba mutum-mutumi, tsohuwar ƙwallo da aka ɗan sace wa iska ta isa a koyi dannawa. Amma kafin su taɓa ƙwallon, kai ka fara kwanciya a ƙasa ka kwaikwayi wannan jan numfashin da ka ji ranar, da ƙararsa da tsayawarsa, har sai kowane yaro ya iya gane shi da kunne.