Sana'ar ɗanyen fure a Garwa: kar ki sayo sai an yi oda

Wata 'yar'uwa daga Garwa ta turo tambaya, wai ta kwashi adashe sefa dubu 60, tana so ta fara jera ɗanyen fure a kwalba tana kai wa mata gida don kwalliyar falo, ko akwai riba?

Toh Hajiya riba kam akwai, amma fure ba atamfa ba ce da za ki jibge a shago kina jiran mai saye, tun ran da aka yanko shi ya fara mutuwa, kuma ke kin san zafin Garwa, Maris da Afrilu har digiri 40 yake wucewa, ga ɗauke wuta, to furen roz da wuya ya yi kwana uku bai langaɓe ba. Sai an yi oda an turo rabin kuɗi kafin alƙalami ta Orange Money ko MoMo sannan ki fita saye.

Jarin ki zuba shi a abin da ba ya ruɓewa, kwalabe masu kyau, almakashi mai kaifi, bokiti. Kuma kwalbar kar ki sayar, taki ce. Ki samu gida biyar ko shida ku daidaita duk Juma'a ki zo ki sauya musu fure, su biya a wata, kuɗin nan ya fi na jiran biki tabbas.

Wajen jerawa, ki yanke gindin karan a karkace, ki tsige duk ganyen da zai nutse a ruwa don shi ke ruɓewa ruwan ya yi wari. Ki zuba ɗan sukari da ɗigon jabel (bilic na wanki) kaɗan a ruwan. Dogaye a tsakiya, gajeru a gefe, ki cike gurbi da koren ganye, ya fi arha kuma idon mai saye yana cika. Ki ja kunnen uwar gida ta riƙa canza ruwa bayan kwana biyu, kuma ta raba shi da taga mai rana da tiren mangwaro ko ayaba, nunannen kayan marmari na fitar da wata iska mai saurin kashe fure, in ya mutu kuma ke za a zaga ba mangwaron ba.

Furen da za a ɗauko daga Yawunde a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan a sako shi mota har Garwa, gaskiya ki bar shi sai odar biki. Ki nemi masu lambu a bakin Binuwai ki ba su irin furen zinniya da na furen rana su shuka miki, waɗannan suna jure zafi.

Farashi kuma, in kin sayi kara goma ki ɗauka uku asara ne, bakwai ɗin su biya kuɗin goman da kuɗin mashin, sannan ki ɗora ribarki.