Filin Tambaya da Amsa: Raitar kwamfutata ta daina ganin faifai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni sana'ata ɗaukar bidiyon biki da walima, kuma har yanzu akwai masu cewa lallai sai na buga masu a faifai saboda iyayensu a DVD suke kallo. To raitar da ke cikin kwamfutata ta tebur, wato na'urar karantawa da buga faifai, tun lokacin hunturu ta fara min wasa, in na sa faifan DVD sai ta yi ta juyi tana ƙara, fitilar na ta ƙiftawa, can sai ta ce wai in sa faifai alhali faifan na ciki. Amma da na sa CD na karatun Alƙur'ani ta karanta lafiya lau. Mai gyara ya ce sai an yi fomatin, ga aikin mutane cike a ciki. Dan Allah mene ne mafita? Daga mai ɗaukar bidiyo, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka yarda a taɓa maka Windows, fomatin ba zai gyara wannan ba, kai da bakinka ma ka faɗi inda ciwon yake da ka ce tana karanta CD amma DVD ta ƙi. Raita ba haske ɗaya take aiki da shi ba, akwai leza ta CD mai tsawon zango nanomita 780, akwai kuma jar leza ta DVD mai 650, to ɗaya na iya gajiya ta bar ɗaya da rai, kuma ga mai sana'a irin taka ta DVD ce ke shan wahala tunda bugawa ta fi karantawa cin ƙarfin leza nesa ba kusa ba. Yawanci a hankali take mutuwa, da farko aiki ya riƙa tsayawa a rabi faifai ya lalace, sai ta daina ganin faifan da ba komai a kansa, sai wanda aka buga a gida, na kamfani shi ne na ƙarshe da take saki. Gwada su ukun ka gani. In kana son ka tabbatar ba laifin Windows ba ne, ari faifan DVD na saka Windows ka ce kwamfutar ta tashi daga kansa, a lokacin Windows ɗinka bai ma farka ba, in ta kasa to laifin na raita ne.

Amma tunda ka ambaci hunturu, kafin ka yanke mata hukunci a goge idon tukuna, wato ɗan gilashin da hasken leza ke fitowa ta cikinsa, ƙurar nan ba inda ba ta shiga, kuma ɗan hazo kaɗan a kan ido ya isa ya hana ta ganin DVD tunda rubutunsa ya fi na CD ƙanƙanta sosai, shi ya sa ma yake ɗaukar gigabait 4.7 shi kuwa CD megabait 700. A kashe kwamfuta a zare waya daga wuta, a ciro raitar a kwance murfin, za ka ga idon ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero yana sheƙi. Audugar goge kunne da ɗigon sifirit mai tsabta irin na masu gyaran waya, a shafa a hankali ba dannawa, a bari ya bushe. Ban da fetur, ban da yawu, ban da bakin riga. Faifan nan mai ɗan buroshi da ake sayarwa na goge ido ni dai bai taɓa burge ni ba, wani lokacin ture ƙurar kawai yake daga nan zuwa can.

Akwai kuma ɗan abin da wasu masu gyara ke murɗawa a gefen idon wai su ƙara masa wuta. Eh zai farfaɗo ka ji daɗi ka biya kuɗi, amma ƙarasa shi aka yi, kwana kaɗan zai mutu murus.

In an goge ba ta dawo ba sayi wata kawai, sauya ido bai kai wahalarsa ba, waya biyu ce a bayanta, ta wuta da ta SATA mai ɗaukar bayanai. Sabuwar kuma ka daina tsuga mata gudun 16x, buga a 4x ko 8x, faifan ma ya fi yin kyau a tsofaffin DVD na gida.

TAMBAYA: Malam ni tawa laftof ce, raitar ma gaba ɗaya ta ɓace daga This PC tun da ƙanena ya cire wata tsohuwar manhajar Nero. Tire na fita yana shiga lafiya. Daga wata ɗaliba, Maraɗi.

AMSA: To Malama taki ita ce ta Windows. Manhajojin buga faifai kan maƙala wasu ƙananan direbobi nasu a jikin raita, in aka cire manhajar ragowar ta zauna sai Windows ya rikice. Buɗe Device Manager ki duba DVD/CD-ROM drives, in kin ga alamar motsin rai ruwan ɗorawa da lamba irin 19, 31 ko 39, danna dama ki yi Uninstall ki sake kunna laftof ɗin, da kansa zai mayar da ita. In ta ƙi, sai a shiga regedit, wato rumbun saitunan Windows, a nemi maɓallin (kamar folda yake) da sunansa ya fara da 4D36E965, a goge UpperFilters da LowerFilters da ke cikinsa a sake kunnawa. Nan fa a kula sosai, maƙwabtansa duk da 4D36E9 suka fara, akwai na kibod akwai na maus, in aka goge nasu bisa kuskure su ma sai su tsaya, don haka a yi Export a ajiye kwafi kafin a taɓa komai, in hannunki bai saba ba ki ba wanda ya iya. In kuwa ko a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ba a ganin sunan raitar, to ta ɗan zame ne daga mazauninta, yawanci sukuru ɗaya ke riƙe da ita a ƙasan laftof, a kwance a zaro ta a sake tura ta ta zauna daram.