Ki gaya wa yaron gaskiya, sannan a nemo kwaɗo

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce maigidanki jami'in tsaro ne, yakan shigo gida da ƙaramar bindigarsa ta aiki, kuma kin tarar da ɗanku mai shekara shida yana laluben durowar gefen gado. Kina tambaya ko ki ci gaba da ce masa babu komai a ciki, ko ki zaunar da shi. Ni ma matar mai kaki ce, a nan Kano na raini nawa har suka girma, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Don Allah ki daina ce masa babu komai. Yaron da ya san inda kike ɓoye alawar baƙi ya riga ya san abin da ke cikin durowar babansa. In kin musa, sai ya gane cewa wannan abu ba a tambaya a kansa, sai dai a jira Umma ta shiga wanka a duba.

A gidanmu uban ne ya yi maganar, ina zaune a gefe. Ya nuna musu ita daga hannunsa, bai bar kowa ya riƙe ba. Ya ce: wannan ta gaske ce, in ta tashi mutum mutuwa yake yi, kuma ba ya miƙewa kamar na fim. Duk inda kuka ga bindiga ko harsashi, gidan nan ne ko gidan wani, kada ku taɓa, ku bar wurin, ku kira babba. In wani yaro ne ya ɗauka kada ku tsaya ƙwace, ku gudu ku faɗa. Ni kuma na ƙara da abin da nake ganin ya fi komai amfani a gidajenmu: na rantse musu duk wanda ya zo ya faɗa ba za a dake shi ba, ko da ya riga ya taɓa. Yaranmu tsoron bulala suke yi fiye da tsoron bindiga, don bulalar suka sani. Yaron da ke tsoron duka zai mayar da ita wurinta a gaggauce, kuma a wannan gaggawar yatsa ke faɗawa kan kunama. Ba sau ɗaya ake faɗa a bari ba. Lokaci-lokaci nakan tambayi ƙaramin, in ka gani a gidan su abokinka me za ka yi, ya maimaita mini.

Amma kada maganar ta sa ki saki jiki. A wani bincike da aka wallafa a 2001, likitocin yara a Amurka sun bar yara maza 'yan shekara 8 zuwa 12 rukuni-rukuni a ɗakin da aka ɓoye bindiga ta gaske wadda aka gyara don kada ta tashi. Yawancin waɗanda suka gano ta sun ɗauka, a kusan rabin rukunonin da suka gano ta sai da wani ya ja kunama, kuma kusan dukansu an taɓa yi musu gargaɗi. Yaro yaro ne, balle idan ya ga abokansa. Saboda haka nauyin yana kan ku manya. In da hali, maigida ya riƙa mayar da ita ma'ajiyar makamai ta wurin aiki kafin ya taho. In aikinsa bai ba da wannan dama ba, a samo akwatin ƙarfe mai kwaɗo, harsasai a kulle su wani wuri daban, makullin kuma ya zauna a jikinsa. Ƙarƙashin matashi ba ajiya ba ce, saman wadirof ma haka, kujera ɗaya yaro zai taka.

Wataƙila ya ce miki ai ya cire magazin, wato gidan harsasai. Ki tambaye shi cikin ladabi, ku biyu, ba a gaban yara ba, ko ya duba cikin bindigar kanta. Ya fi ki sanin cewa harsashi ɗaya na iya zama a ciki bayan an zare magazin ɗin, kuma ɗayan nan ya isa. Maza ba sa son a nuna sun yi sakaci da kayan aikinsu, don haka ki fara da labarin abin da kika ga yaron yana yi.

Ki tuna kuma gidan Bakano ba na 'ya'yansa kaɗai ba ne. Yaran maƙwabta, 'yan hutu, almajirin gida, ranar suna kuwa har uwar ɗaka yara ke shiga. Naki kin koya masa, na wasu fa? Haka idan kun je gidan kakanni a cikin gari, inda ake rataye tsohuwar harbi-ka-ruga a bango. Ita ta baki ake ɗura mata albarushi, kallo ba ya nuna ko a cike take, kuma tana iya daɗewa a haka ta tashi. Ni ban jin nauyin tambayar masu gida, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi fushi ba.

Lokacin Sallah ne maganar ta fi zuwa da sauƙi. Sun ga 'yan bindigar Sarki a Hawan Daushe, ƙara da hayaƙi sun burge su, ga bindigogin roba a ko'ina. Ban hana nawa wasa ba, amma mai harba ƙananan ƙwallayen nan ba ta shigo gidana, don tana fasa ido. Sauran kuma doka ɗaya ce: ba a saita mutum. Na koya musu hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Idan sun zama samari kuma sai a ƙara ƙarfin kwaɗo, don lokacin ne ake son ɗaukar hoto da ita a burge abokai, lokacin ne kuma zuciya ke saurin hawa. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ma ba ta yarda a ba wanda bai kai shekara 17 lasisi ba.

Allah ya kiyaye, in tsautsayi ya faru, a danne wurin raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, kada a tsaya zuwa caji ofis neman takarda. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa asibitin gwamnati da na kuɗi karɓar wanda aka harba ba tare da jiran rahoton 'yan sanda ba. Ki gaya wa duk wani babba da ke gidan wannan, har mai aiki.

Allah ya raya mana su, ya tsare maigida a bakin aikinsa.